Mahammadu Abdullahi Ya Mutu Sau Huɗu

Ba zan ɓata wa kowa lokaci da labarin yadda na baro Damagaram ba, ko yadda muka ratso Kamaru muka shigo Gabon. Wanda ya bi hanyar ya san ta, wanda bai bi ba kuma ko na faɗa zai ce na ƙara gishiri. Abin da ke cin raina shi ne shekara guda da na yi a Libreville ina bin gawarwakin mutanenmu gari gari, aikin da ban nema ba, ban ma san ranar da aka ɗora mini shi ba.

Wani ɗan unguwarmu ne ya kira ni ƙasar. Ya ce ya samo mini aikin buro, wato ofis, a unguwar Batterie IV, tunda na yi lakwal, karatun boko, har koleji, ina jin Faransanci. Na iso da wando mai kari da alƙalami biyu a aljihu. Ashe buron gidan wani mai hali ne, aikin kuwa ban ruwan furanni da wankan karnuka uku, ɗaya har da sabulunsa na musamman wanda ya fi nawa ƙamshi. Kwana goma sha ɗaya na daure. Ran na sha biyu babban cikinsu ya girgije ruwan wankansa a fuskata, na ajiye bokiti, na ce wa mai gidan Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Ina fita da jakata a ka sai ga ruwa. Ruwan Libreville ba ya sallama irin na gida, da za ka ga hadari ya haɗu ka nemi mafaka. Sakin sa kawai ake yi. Ina tafe a bakin titi, wandon buro ya manne mini a ƙafa, sai wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya, ƙofarta ɗaure da igiya. Direban ya leƙo, fuskarsa cike da tsagen Gobirawa, ya dubi hulata ya ce, "Kai ɗan'uwa, ina zaka cikin wanga ruwa?" Na ce ni ma ban sani ba. Ya ce to ai hanyarmu ɗaya, in shigo.

Shi ne Sai-Gobe. Agada yake ɗaukowa daga ƙauyukan Kango ya kawo wa mata masu sayarwa a unguwar PK8, inda yake da ɗaki guda na katako. Ya ba ni rabin ɗakin, ya kai ni wurin Hajiya Dudu, wata mutuniyar Garwa mai sayar da shinkafa a bakin tasha, ya ce ta riƙa zuba mini duk abin da take zuba masa. Laƙabin nasa daga bakinsa ya fito. Gyaran ƙofar mota, sai gobe. Zuwa yin katin zama, sai gobe. Komawa gida ganin tsohuwarsa, shekara ashirin ana sai gobe. Abu ɗaya ne ban taɓa jin ya ɗaga zuwa gobe ba, shi ne in ya ga mutum da yunwa.

Haka PK8 take gaba ɗaya. Akwai Dogo har uku, ɗaya ma gajere ne. Akwai Ɗan Maraɗi, Ɗan Agadas, Mai Shayi, Baba Kamaru, da wani da ake kira Ba-Canji. Sai ka shekara goma kuna sa hannu a kwano ɗaya da mutum ba ka san sunan da aka raɗa masa ba, in ka tambaya kuma a dube ka kamar ɗan leƙen asiri. Ni ma kwana biyu da zuwana Sai-Gobe ya laƙaba mini Mushe Lakwal, wato Monsieur ɗan boko, Hamisun da uwata ta sani ya ɓace. A lokacin abin dariya yake ba ni.

Shi ya haɗa ni da Alhaji Sale mai atamfa, shugaban Hausawan unguwar, na fara tsaron shagonsa. Bakano ne, saboda haka tun ranar farko ya ce ya yi sabon bawa, ni kuma na ce ai Kanawa ko a Gabon sai sun nemi Badamagare ya riƙe musu hannu. Shekararsa talatin a ƙasar, amma Faransancinsa bai wuce gaisuwa da tambayar farashi ba. Duk inda takarda ta taso, ni. Ban san cewa takardar matattu ma tana cikin aikin ba.

Na farko a Owendo ya faru, ana tsakiyar azumi. Dogo ne, na ainihin, mai tsawon. Gadi yake yi a wani wurin ajiye gumaguman katako kusa da tashar jiragen ruwa, ɓarayi suka same shi a bakin aiki, da safe aka tsinci gawarsa. Bayan jandarma sun gama rubuce-rubucensu aka kai shi ɗakin sanyi na ajiye gawa, aka ce ba za a ba mu shi ba sai da takardar izinin binnewa. Wannan takarda kuwa a wani buro ake bayar da ita wajen Cocotiers, a hannun wata mata mai kimanin shekara hamsin, Madam Anjel, mai tabarau da sarƙa da wani ƙaton littafi a gabanta.

Ta tambayi sunan mamaci da na mahaifinsa. Na juya wajen Alhaji, ya ce Dogo. Na ce Alhaji, Dogo ai ba suna ba ne. Muka fita waje inda mutum bakwai ke jira, duk waɗanda suka shekara da shekaru tare da shi. Wannan ya ce Isa, wancan ya ce Musa, na uku ya rantse cewa Isa sunan gajeren Dogo ne. Ga rana tana yi, ga kabari an riga an haƙa, ga azumi a bakin kowa. Sai Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "Rubuta Mahammadu Abdullahi. Al'ummar Annabi ne, kuma bawan Allah ne. Ina ƙaryar take?"

Na rubuta. Ba zan ɓoye ba, har wani daɗi na ji, ina ganin mun yi dabara. Kafin La'asar mun rufe shi.

Na biyu a Ntoum ne, bayan Babbar Salla. Ɗan Agadas mai tsire ne a bakin babbar hanya, kuma wanda ya soke shi ɗan'uwanmu ne Bahaushe, a kan inuwar wani mangwaro da manyan motoci ke tsayawa. Wannan ya fi na farko ɓata mini rai. Ka baro Agadas, ka ratsa ƙasa biyu, ka tsallake duk wani shingen hanya, ka zo ɗan yarenku ya kashe ka a kan inuwa, a ƙasar da itace ya fi mutane yawa. Da muka je cikin taksi-bus ɗaukar bayani, ba wanda ya yarda ya buɗe baki, kowa sai ya ce ƙaddara ce. Sunan mamaci fa? Ɗan Agadas. A buro Alhaji ko kallona bai yi ba, hannu kawai ya ɗaga mini. Madam Anjel ta dube ni ta saman tabarau, ta buga hatimi.

Na uku ya kai mu har Cocobeach, a kan hanyar da ta sa na amayar da karin kumallona tun ba mu yi rabi ba. Baba Kamaru ne, dattijo mai sarin busasshen kifi, aka same shi a bakin ruwa babu jakarsa. Shi kam an ga katin zama a aljihun rigarsa ta ciki, har na ce alhamdu lillahi, yau mun huta. Alhaji ya karɓi katin ya ƙura wa hoton ido, sai ya cusa shi a aljihu. Wai ya san mai katin, ya koma Garwa tun tuni, yana nan da ransa har ya ƙara aure, aro Baba Kamaru ya yi. Ya ce kada mu je mu kashe mai rai. Haka Mahammadu Abdullahi ya sake mutuwa.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai ake kashewa. Littafin Madam cike yake da 'yan ƙasa, daga cikin birni har garuruwan lardin, wanda rigimar mashaya ta ci, wanda aka tare a hanya, wadda mijinta ya hallaka. Bambancin shi ne su in nasu ya mutu sai ka ga dangi sun cika buron, kowa da takarda, suna lissafa kakanninsa. Da can ina yi musu tsiya a raina don suna barin gawa mako biyu ko uku a sanyi suna jiran dangi su taru. Mu kuwa gwanayen gaggawa, kafin rana ta faɗi mun rufe mutum, ba mu ma san wa muka rufe ba.

Bayan na Cocobeach na kasa haƙuri. Ranar Juma'a da aka sallame na miƙe a masallacinmu na ce kowa ya zo in rubuta sunansa na yanka da na mahaifinsa da lambar wani a gida, a ajiye wurin liman. Kai ka ce zagin iyayensu na yi. Wani ya ce Mushe Lakwal na yi musu fatan mutuwa, wani ya ce wa ya sani ko hukuma ce ta aiko ni, tunda rabinsu ba su da katin zama. Mutum biyu suka ba ni suna, ɗaya daga baya ya dawo ya ce in goge.

Na koma ɗaki ina huci, na tarar da Sai-Gobe yana ɗinke takalminsa. Na ce to kai ma, mai gidana, mene ne sunanka? Ya yi dariya har allurar ta faɗi. Ya ce shi kansa sai ya yi tunani, don rabon da wani ya kira shi da shi tun yana makarantar allo. Na ce ai ba wasa nake ba. Ya ce, "Haba Mushe, yanzu ga ni ga ka, mi ag gaggawa? Sai gobe in hwaɗa maka." Na yi tsaki, sannan ni ma na yi dariya, na bar maganar. Wannan dariyar har yau ban yafe wa kaina ita ba.

Saura kwanaki a sake kama azumi ya tafi Kango da sassafe, ya ce in gaya wa Hajiya Dudu ta ajiye masa ƙanzo. Bai dawo ba ranar, bai dawo ba washegari, wayarsa a kashe. Ran na uku jandarman Kango suka aiko cewa an ga wata mota mai ƙofa ɗaure da igiya a gefen daji, direban yana kwance kusa da ita, an kwashe duk abin da ke aljihunsa har waya. Wata mai sayar da rogo a bakin hanya ta ce ta ga ya tsaya ya ɗauki mutum biyu da suka ɗaga masa hannu ana ruwa. Halin nan nasa da ya tsamo ni daga bakin titi, shi ya kai shi.

Sai da jandarman suka ƙara kwana uku suna bincike, sannan ni aka tura ɗakin sanyi in shaida shi. Da aka janye mayafin, tsagen na fara gani. Na yi kuka, kukan da ban yi wa ukun farko ba, mai gadin wurin ya ba ni kujera da ruwa ya bar ni har na gama.

Sai dai abin kunya, da muka isa buro hannuna da kansa ya rubuta abin da ya saba. Na miƙa wa Madam Anjel takardar. Ta karanta, ta jawo littafinta, ta lashi yatsa, ta koma baya shafi shafi ba ta gaggawa, tana sa 'yar takarda a wurare uku. Sannan ta juyo da littafin wajena.

"Mushe, wannan mutumin na san shi," in ji ta. "Ya mutu a Owendo. Ya mutu a Ntoum. Ya mutu a Cocobeach. Yanzu kuma ya je Kango ya sake mutuwa. Bai gaji ba?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Alhaji yana ta taɓa ni yana tambayar me ta ce, na ce ta ce asirinmu ya tonu. Madam ta ci gaba, muryarta ba ta tashi ba. Ta ce waɗancan ukun suna da uwaye, wataƙila wata tana can tana jiran waya har yanzu, ita kuma ta buga hatiminta a kan ƙarya sau uku, ba za ta yi na huɗu ba. Ko mu kawo takardarsa ta gaskiya, ko wani ɗan'uwansa na jini ya faɗi sunansa ta ji da kunnenta, liman da shugabanmu su sa hannu. In ba haka ba, ranar Laraba ta sama hukumar gari za ta kwashi gawarwakin da ba a san masu su ba ta rufe su tare, shi ma a ciki. Ba wanka, ba likkafani, ba salla.

Alhaji ya raɗa mini wai in tambaye ta ko goro take so. Na ƙi fassarawa. Muna fitowa bakin titi na sauke masa duk abin da na tara shekara guda. Na ce shekara talatin yana shugabancin mutanen da bai san sunansu ba, ko mai kiwon awaki ya fi shi sanin abin da yake kiwo. Ban taɓa ɗaga wa babba murya haka ba, har masu jiran taksi suka juyo. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Kai da ka shekara ɗaki ɗaya da shi, ni kake tambaya?" Gaskiyar maganar ta ƙara mini haushi.

Kwana biyar suka rage mana. Na juye ɗakin kaf. Ba kati, ba wasiƙa, ba ko rasit mai suna. Abin da na samu kawai atamfa uku sabbi a cikin leda, waɗanda ya saya wa tsohuwarsa yana cewa gobe zai aika, a jikin ledar an rubuta "Inna". Ni ne ma na rubuta masa da hannuna. Na je ofishin jakadancinmu, ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, ya ce in ba shi suna ya duba mini a rajista. Na ce ai sunan nake nema. Muka kalli juna. Na bi matan da yake kawo wa agada, su kuma Papa Demain suke ce masa, wato dai Sai-Goben ne aka juya. Na bi Gobirawan PK8 ɗaya bayan ɗaya, kowa ya san shi, kowa ya ci abincinsa, wani ya ce daga wajen Tibiri yake, shi ke nan iliminsu.

Ranar Lahadi na zauna a bencin Hajiya Dudu na kasa cin abinci. Ta zauna kusa da ni tana share ido da gefen mayafi, sai ta dafe ƙirji ta ce ta tuna. Bara wayarsa ta faɗa kwata, ya ari tata ya gaida gida da Salla, kuma ta ajiye lambar. Ta miƙo mini wayar in nemo da kaina. Na same ta, an rubuta "Gidan Sai-Gobe".

Ƙanwarsa ce ta ɗauka, Dije. Na gaya mata abin da ya faru, na jira ta yi kukanta, sannan na ce ta yi haƙuri, sunansa nake so. Ta ce Yaya Babba. Na rufe ido na ce na yanka nake nufi. Ta ce mahaifinsu dai Garba ne, ya rasu da daɗewa. Shi kuwa Yaya sunan kakansu aka mayar masa, mahaifin babansu, shi ya sa ba mai faɗar sunan a gidan, kakan ma Malam Tsoho ake ce masa har ya bar duniya. Limamin da ya raɗa sunan ya rasu, 'yan garin kuma Na-Gabon suke ce masa.

"Ko Usumanu ko Ummaru, wallahi ban tabbata ba," in ji ta. "Inna kaɗai ta sani. Amma ɗan fari ne, kuma sunan surukinta ne. Ko cikin mafarki ba ta taɓa hwaɗinai ba."

Nan na ga iyakar abin. Na yi ta zagin 'yan PK8 da sakaci, ashe tun daga gida aka fara ɓoye sunan, kuma don girmamawa aka ɓoye shi. Alhaji ya ce mu zaɓi ɗaya cikin biyun, Dije ta faɗa wa Madam, ai ita ma jininsa ce. Na ce mutumin da ya raba ɗakinsa da ni ba zan rufe shi da canki-canki ba. Na roƙi Dije ta sanar da tsohuwa rasuwar, ta kuma zauna kusa da ita ranar Talata da hantsi, zan kira.

Ranar Talata muka shiga buron, ni da Alhaji da liman. Na ɗora wayar Hajiya Dudu a kan littafin Madam, na buɗe murya yadda kowa zai ji. Dije ta ɗauka, ta yi ƙasa da murya ta ce in yafe mata, ta kasa gaya wa Inna. Kafin in ce wani abu har ta miƙa mata wayar.

Muryar tsohuwa ta fito garau, da fara'arta. Ta gaishe ni da gajiya, da baƙunta, da ruwa, ta tambayi iyayena, ta sa mini albarka don an ce mata ni abokin zaman "mai sunan Malam" ne. Ina jin kaji a bayanta da wata tana daka. Madam ta riƙe alƙalami tana jira. Na ce, Inna, wata takarda ce za a yi masa, ana son sunansa na yanka.

Ta yi dariya. "Kai yaro, ba ka da ta ido? Shi ba ya da baki ne? Ba shi wayar shi hwaɗa maka da kainai. In ma ji muryatai, ya kwan biyu bai kira ba."

Duk Faransancina da duk surutuna na shekara guda suka gudu suka bar ni. Sai Alhaji Sale ya matso da kujerarsa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya sunkuya kan wayar. Ya yi mata sallama, ya faɗi ko shi wane ne, sannan ya ce, "Baba, sai haƙuri. Wanda ya ba ki shi ya karɓi abinsa."

Dakan da ake yi ya tsaya. Can tsohuwar ta yi salati, ta maimaita, muryar ba ta rawa. Ba ta yi kururuwa ba, ɗan fari ko a mutuwa ana yi masa kara. Ta tambaya ko an yi masa sutura. Na ce a'a, Inna, yau kwanansa goma, hukuma ba za ta ba mu shi ba sai an faɗi sunansa daga bakin nasa, in kuma gobe ta yi za a rufe shi da waɗanda ba a sani ba.

"Kwana goma yana kwance ba a ruhe shi ba," ta ce, "don suna?"

Na ce e, Inna.

Na ji ta ce wa Dije ta tashi ta ba ta wuri, ta kori har mai dakan. Sannan a hankali, kamar mai ɗauko abu daga ƙasan adaka, ta ce, "Usumanu."

Na maimaita wa Madam, na ƙara da Garba, ta fara rubutawa. Ban kai ga yi wa tsohuwar godiya ba sai muka ji ta sake faɗa. Wannan karon ba da mu take ba. Ta ja sunan ta ɗaga shi, yadda uwa ke tsayawa a bakin zaure ta kira yaro ya shigo ya ci tuwo.

"Usumaanu."

Alƙalamin Madam Anjel ya tsaya. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma ba ta tambaye ni fassara ba. Ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a ƙirjinta, ta jira har wayar ta mutu, sannan ta jawo hatimi ta buga.

Bayan Azahar muka rufe shi. Ni da liman muka yi masa wanka, PK8 kaf ta fito, har matan agada suka tsaya daga bakin maƙabarta. Na sami guntun allo da fenti na rubuta Usmanu Garba, na kafa a wajen kansa. Da na miƙe sai idona ya faɗa kan layin da ke gefe. Alluna uku ne a can masu suna iri ɗaya, duk rubutun hannuna, kuma har yau ba wanda ya kira su.